ZAGAYA DUNIYA: Buea, Tsohon Babban Birni A Gindin Dutsen Kamaru

Yau filin namu zai ƙetare iyaka, amma ba da nisa ba. Da za a tara 'yan makarantarmu na Mubi da Madagali da Dikwa da Gashaka, a tambaye su ina ne gwamnan da ke mulkin garuruwansu yake zaune a shekarar 1905, na tabbata wasu za su ce Zungeru, wasu su ce Lakwaja, masu gaggawa kuma su ce Kaduna, alhali kuwa a lokacin ko harsashin Kaduna ba a haƙa ba. Duk cikinsu babu wanda ya ci. A wancan zamani garuruwan nan suna ƙarƙashin tutar Jamus ne, gwamnansu kuwa yana can kudu kusa da bakin teku, a wani ɗan gari mai hazo da sanyi da ake kira Buea, wanda ke manne a jikin Dutsen Kamaru. Can muka nufa.

Wanda ya sauka Duwala, tsakaninsa da Buea bai fi kilomita 70 ba. Mota za ta haye gadar kogin Wuri, ta miƙe yamma cikin zafi mai sa gumi ko mutum yana zaune, har ta iso gadar Mungo. Mai tafiya ya buɗe ido a nan. Wannan kogi shi ne ya raba Kamarun Faransa da Kamarun Ingila shekara arba'in da 'yan kai, kuma har yanzu da ka haye shi za ka ji harshe ya juya, Faransanci ya ja baya, Ingilishi da Burokan sun karɓi fage, ta yadda ɗan Nijeriya zai yi ciniki a tasha ba tare da tafinta ba. Daga nan sai gandayen roba da kwakwar manja da ayaba, layi-layi har inda ido ya ƙare. A wuce Tiko, a iso mararrabar Mutengene, a nan ne hanya take fara hawa. Tashar da ke bakin garin sunanta Mil 17, domin Ingilishi sun ƙirga nisan wurin daga tashar jirgin ruwa ta Biktoriya, wadda aka sāke wa suna Limbe a 1982. Turawan sun tafi, ma'aunin mil ya tafi, sunan ya zauna.

Garin kansa kusan titi ɗaya ne dogo mai hawa tudu. Ƙasan titin shi ne Molyko, unguwar jami'a da matasa da hayaniya. Kana hawa iska tana ƙara sanyi, gidaje suna ƙara tsufa, har ka iso unguwar ma'aikata da ofisoshin gwamnati, sa'an nan tsohon garin Buea a can sama. A nan akwai 'yan uwanmu Hausawa da masallacinsu, ga kuma masu tsire a bakin titi da yamma, sai dai a can “soya” ake ce masa. Bisa kansu duka ga dutsen. Tsawonsa ya ɗara mita 4,000, watau fiye da ƙafa 13,000, kuma daga bakin teku ya taso kai tsaye. Don mai karatu ya kwatanta, Chappal Waddi na Jihar Taraba, wanda babu dutsen da ya kai shi tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ne. Amma kada baƙo ya sa rai da ganinsa a duk sa'ad da ya ɗaga kai. Yana iya kwana uku a garin gajimare bai buɗe masa ba, ran nan da asuba ya fito alwala ya gan shi tsaye a kansa kamar an dasa shi cikin dare.

Masu garin su ne Bakweri. A wurinsu dutsen yana da mai shi, wani abin bauta da suke kira Efasa Moto, wanda suka ce rabinsa mutum ne rabinsa dutse. Dutsen kuwa mai aman wuta ne, bai kuma mutu ba. Ya yi aman a 1909 da 1922 da 1954 da 1959 da 1982, ya sāke a 1999 da 2000. A na 1999 narkakken dutse ya gangaro ta ɓangaren teku har ya datse hanyar mota kusa da ƙauyen Bakingili. Tokar da yake zubarwa ita ta sa ƙasar wurin baƙa wuluk, mai albarka ƙwarai, ga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. A Debunsha, can bayan dutsen, ruwan da ke sauka a shekara yakan kai milimita 10,000, abin da Kano ba za ta samu ba cikin shekara goma. Albarkar ƙasar da sanyin iskar su ne suka jawo wa Bakweri baƙin da ba su gayyata ba.

Ga yadda abin ya faro. A watan Yuli na 1884 wani Bajamushe mai suna Gustav Nachtigal ya kafa tutar ƙasarsa a Duwala bayan sarakunan wurin sun sa hannu a takarda. Mutanen Barno sun san wannan mutum, domin shi ne ya kai wa Shehu Umar kyautar Sarkin Furusiya a Kukawa a 1870. Jakadan Ingila ya iso Duwala bayan 'yan kwanaki, ya tarar an riga an yi mai yiwuwa. Jamusawa suka zauna a Duwala, zazzaɓin cizon sauro ya yi ta ɗibarsu, sai suka ɗaga kai suka hango tudu. A 1891 suka tura mayaƙa ƙarƙashin wani hafsa, Gravenreuth, su murƙushe Buea. Sarkin garin, Kuva Likenye, ya tare su a wani kwazazzabo, aka kashe hafsan, sauran suka watse. Shekara uku Jamusawa suna haɗiye wannan abin kunya. A watan Disamba na 1894 suka komo da shiri, cikin hafsoshinsu har da Hans Dominik, suka ci garin, Kuva ya fice, bai daɗe ba ya rasu. Mai karatu ya riƙe sunan Dominik, domin shi ne kuma ya gwabza da Lamiɗo Zubairu na Adamawa a Marwa a watan Janairu na 1902, bayan Ingilishi sun kore shi daga Yola. Hannun da ya rushe Buea shi ne ya buɗe wa Jamus hanyar Fombina da Tafkin Cadi.

Gwamna Jesko von Puttkamer, wanda ya hau a 1895, shi ne ya ɗauke gwamnati daga Duwala ya kai ta Buea a 1901, ya gina wa kansa katafaren soro mai hasumiya irin na sarakunan ƙasarsu. Yana nan har yau, fari fat a tsakiyar lambu, amma gidan gwamnati ne, ana tsaronsa, baƙo sai dai ya hanga daga nesa, kuma ina ba shi shawara kada ya ɗaga na'urar ɗaukar hoto. Abin da zai iya zuwa kusa da shi shi ne ɗan famfon tunawa da Bismarck, da maƙabartar Jamusawa, da wasu tsofaffin gidaje masu baranda da aka ɗora bisa ginshiƙai. Har shanun madara Jamusawa suka kawo daga ƙasarsu suka ajiye a saman garin, don kada gwamna ya sha shayi babu madara.

Ni a ganina babban abin tarihin Buea shi ne gandayen nan da muka ratso a hanya, sun fi soron nauyi nesa ba kusa ba. Puttkamer ya ƙwace ƙasar Bakweri ya raba wa kamfanonin Jamus, har abin ya kai wajen eka 250,000 a kewayen dutsen, masu ƙasar kuwa aka tura su 'yan keɓaɓɓun wurare, aka kawo leburori daga nesa, da yawa cikinsu da tilas. Zaluncinsa ya kai har sarakunan Duwala suka aika ƙara majalisar dokokin Jamus a 1905, shi kuwa ya sa aka ɗaure su. Aka kira shi gida, aka raba shi da kujerar a 1907. Ƙasar dai ba ta komo hannun masu ita ba. Da Ingilishi suka karɓi yankin suka sa gandayen a kasuwar gwanjo a Landan a 1924, yawancinsu tsofaffin iyayengijin nan Jamusawa ne suka sāke saye. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi aka sāke ƙwacewa, sa'an nan Gwamnatin Nijeriya ta damƙa su ga wata hukuma, CDC, wadda ta fara aiki a 1947. Bakweri sun kafa kwamitin neman ƙasarsu tun 1946, sun kai kuka har Majalisar Ɗinkin Duniya. Tuta ta sauya sau uku a bisa gandayen, amma babu wadda ta zo da takardar mayarwa.

Dutsen ne ya fara nuna wa Jamusawa iyakarsu. Da ya girgiza ya yi aman wuta a 1909, sai gwamnati ta tattara takardunta ta gangara Duwala da gudu, sai da ƙura ta lafa aka komo. A watan Nuwamba na 1914 kuma sojan Ingila suka shiga Buea. Yaƙin Kamaru ya ci gaba har watan Fabrairu na 1916, sa'ad da sansanin Jamus na ƙarshe ya miƙa wuya a kan dutsen Mora, kuma cikin waɗanda suka yi wannan yaƙi akwai dakarun Nijeriya masu yawa, Hausawa da sauransu. Aka raba ƙasar. Faransa ta ɗauki kashi mafi girma, Ingila ta sami wata 'yar siririyar ƙasa a gefen iyakarmu, ta raba ta biyu. Ta arewa aka haɗa ta da lardunan Barno da Adamawa da Binuwai, ta kudu aka mai da ita lardi guda, Razdan yana zaune a Buea yana karɓar umarni daga Ikko, daga baya kuma daga Inugu. Babban birnin ƙasar da ta kai har Tafkin Cadi ya koma garin Razdan.

Zaman da Jihar Gabas bai yi wa mutanen daɗi ba. Sun yi ta kukan cewa an mance da su wajen hanyoyi da makarantu, kuma baƙi daga Gabas sun cika kasuwanni da ofisoshi. Da rikici ya ɓarke a majalisar Inugu a 1953, yawancin wakilan Kamaru suka ce ba ruwansu, suka nemi a raba gari. A 1954 aka ba Kamaru ta Kudu majalisarta a Buea, Dokta Emmanuel Endeley, ɗan Bakweri haifaffen garin, ya zama shugaban harkokin gwamnati, a 1958 kuma Firimiya. Sai ga wani abu da ya kamata a riƙa koya wa yara a makarantun Afirka. A zaɓen Janairu na 1959 jam'iyyar wani tsohon malamin makaranta, John Ngu Foncha, ta ci kujera 14, ɓangaren Endeley 12. Endeley ya kwashe kayansa ya ba da gida, ya koma kujerar 'yan hamayya. Ba a kira soja ba, ba a ƙone akwati ba. A wannan ɗan gari mai titi ɗaya aka yi haka, tun Nijeriya ba ta sami mulkin kai ba.

Sa'an nan aka zo ga ƙuri'ar ran 11 ga Fabrairu, 1961. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ajiye wa mutanen tambaya mai ƙofa biyu: ko su sami 'yanci ta hanyar shiga Nijeriya, ko ta hanyar shiga Jamhuriyar Kamaru ta Ahmadu Ahijo. Ƙofa ta uku, watau su tsaya da ƙafarsu, wadda shugabanni da sarakuna da dama suka nema, ba a buɗe ta ba, domin Ingila ta ce ƙasar ba ta da arzikin riƙe kanta. A kudu mutum 233,571 suka zaɓi Kamaru, 97,741 suka zaɓi Nijeriya. A arewa, inda Sardauna Ahmadu Bello ya tsaya tsayin daka bayan ƙuri'ar farko ta 1959 ta ba shi mamaki, 146,296 suka zaɓi Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru. Ran 1 ga Yuni aka haifi Lardin Sardauna, Ahijo ya mai da ranar ta makoki a ƙasarsa. Ran 1 ga Oktoba kuma Buea ta zama babban birnin Jihar Kamaru ta Yamma, ɗaya daga cikin jihohi biyu na sabuwar tarayya, da Firimiyanta da majalisarta da majalisar sarakunanta. Fam ɗin Nijeriya ya fita, sefa ta shigo.

Tarayyar ta yi shekara goma sha ɗaya. A 1966 aka narkar da jam'iyyu duka cikin guda. Ran 20 ga Mayu, 1972, Ahijo ya kira ƙuri'ar raba gardama a kan soke tarayya, aka ba da sanarwar cewa fiye da kashi 99 cikin 100 sun yarda, ko da yake tsarin mulkin 1961 ya hana kawo duk wata shawara da za ta taɓa tarayyar, kuma masu Faransanci, waɗanda suka ninka masu Ingilishi wajen sau huɗu, su ma an ƙirga ƙuri'unsu a kan alkawarin da aka yi wa 'yan tsiraru. Aka rufe majalisar Buea. Soron Puttkamer, wanda ya zama gidan Firimiya, ya rasa mai kwana. Garin ya koma hedkwatar lardi, gwamna kuma daga Yawunde ake naɗo shi. A 1975 aka cire ɗaya daga taurari biyu na tuta, a 1984 Paul Biya ya mayar wa ƙasar sunan da ɓangaren Faransa yake amsawa kafin a haɗu.

Mu a nan bai kamata wannan labari ya zama mana baƙo ba. A watan Mayu na 1966 Janar Ironsi ya fitar da Doka ta 34 wadda ta soke tarayyar Nijeriya, kowa kuwa ya san abin da ya biyo baya cikin 'yan kwanaki, da jinin da aka zubar kafin a gane cewa ƙasa mai al'ummu da yawa ba ta zama lafiya a tukunya ɗaya mai marfi ɗaya. Bambancin shi ne namu ya fashe nan take, nasu kuwa ya yi ta cin ƙasa kamar wutar ƙaiƙayi. A watan Afrilu na 1993 shugabannin masu Ingilishi suka taru a Buea suka nemi a maido da tarayya, ba a saurare su ba. A ƙarshen 2016 lauyoyi da malaman makaranta suka fita zanga-zanga, suna kukan ana turo musu alƙalai da malamai waɗanda ba su san dokar Ingilishi ko harshen ba. Aka amsa musu da kulki da kurkuku. Ran 1 ga Oktoba, 2017, 'yan a-ware suka yi shelar ƙasar da suka kira Ambazoniya, suka ce Buea ce babban birninta. Daga nan sai bindiga.

Ba zan wanke kowa ba. Sojan gwamnati sun ƙone ƙauyuka, kuma gwamnatin da kanta ta amsa cewa dakarunta suna da hannu a kisan mata da yara a Ngarbuh a watan Fabrairu na 2020. 'Yan a-ware kuma sun hana yara karatu shekara da shekaru, sun sace mutane don kuɗin fansa, sun sassare leburorin gandu waɗanda laifinsu kawai neman abinci. Dubban mutane sun mutu. Dubun dubata sun ƙetaro zuwa jihohin Kuros Riba da Binuwai da Taraba da Akwa Ibom. Gwamnatinmu ma ta tsoma hannu, domin a Abuja aka kama shugaban 'yan a-waren, Sisiku Ayuk Tabe, da abokansa a watan Janairu na 2018, aka miƙa su Yawunde, inda aka yanke musu ɗaurin rai da rai, kuma wata Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce miƙawar ta saɓa wa doka. Wanda duk ya ce wannan wuta ta maƙwabta ce, ya je ya tambayi mutanen ƙauyukan iyaka waɗanda suka raba gonakinsu da 'yan gudun hijira.

A lura da abu guda. Jamusawa ne suka ɗaga Buea don iskarta, Ingilishi suka sauke ta, suka sāke ɗaga ta da ya yi musu daɗi, Ahijo ya sāke sauke ta, ga 'yan a-ware kuma, waɗanda manyansu da yawa suna ƙasashen waje, sun naɗa ta ba da shawararta ba. A 2014 ma, shekara biyu da 'yan watanni bayan lokacin ya wuce, Shugaba Biya ya zo garin ya yi bikin cika shekara hamsin da haɗewa, ya buɗe wani ginin tunawa, ya koma. Wanda ke son ya ga asalin takardun wannan doguwar magana ya nemi gidan adana takardun tarihi na garin, wanda wani masani Bature, Edwin Ardener, ya yi wahalar tattarawa. Rahotannin Razdan da na Di'o suna nan cikin tsofaffin fayil, sanyi da laima suna cin su a hankali, kuma da yawa cikinsu tarihin Nijeriya ne kamar yadda suke tarihin Kamaru. Ban ga abin da zai hana jami'o'inmu na Yola da Maiduguri da Jalingo su nemi a ɗauki hotonsu ba tun suna karantuwa.

Mai niyyar zuwa ya zaɓi tsakanin Disamba da Fabrairu, domin daga Yuni zuwa Satumba ruwa ba ya barin mutum ya ga gabansa. Ya tafi da rigar sanyi. Ya binciki halin tsaro kafin ya tashi, kuma kada ya shirya tafiya ran Litinin, domin tun 2017 'yan a-ware suka mai da ita ranar zaman gida dole a wurare da yawa na yankin. In yana da ƙarfin gwiwa ya nemi ɗan jagora su hau dutsen. Ana kwana biyu ko uku, a ratsa kurmi, a fito fili mai ciyawa, a kwana a bukka, sa'an nan a shiga baƙin tsakuwa inda numfashi yake gajarta. Wannan tafiya ta kwanaki ita ce 'yan tsere suke yi, hawa da sauka, cikin awa huɗu da rabi zuwa biyar, a gasar da aka fara tun 1973 wadda akan yi a watan Fabrairu. Wata mata mai 'ya'ya, Sarah Etonge, ta ci ta mata har sau bakwai, suka naɗa ta Sarauniyar Dutse. A gasar 2023 an tayar da abubuwa masu fashewa a kan hanyar 'yan tseren, mutane da dama suka ji rauni, amma sauran suka ci gaba da gudu har suka taɓa ƙololuwa suka sauko.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.